A Maido Mani da Kayena, 'Yan Ajinmu Sun Maƙale a Duniyar Wata

Zuwa ga Mushe Darakta na kwalejinmu a Madawa,

Ina gaisuwa da ladabi, da fatan kana lafiya, kai da iyali da malamai duka. Ni ce Zali 'yar Garhanga, ta ajin ƙarshe. Na liƙa wannan takarda a ƙofar ofis don kowa ya karanta, tunda zancen ya riga ya game lakkwal, wato makarantarmu.

Na farko. Lokacin da malamai suka tafi dogon yajin aiki, zaman banza ya ishe ni, sai na sayi kaye, wato littafin rubutu, na fara rubuta labari. A cikinsa guguwa ta ɗauke kwalejinmu, da mu da tebura da akuyar mai gadi, ta dire mu a duniyar wata, inda malaman ƙarfe ke koyarwa, ba su ci, ba su sha, ba su gajiya da tambaya. Da aka dawo karatu, kullum in an tashi hutu nakan karanta wa 'yan ajinmu babi guda a inuwar iccen bedi.

Na biyu. Wata ranar Talata Mushe, malaminmu na kimiyya, ya kama ƙawata Marta tana leƙa kayen cikin kilas, ya ƙwace. Laifi ne, ban musa ba. Bayan kwana uku ya kira ni, na je. Ya tamke fuska ya ce, “Zali, a wata babu iska. Yaya aka yi kuka ji kukan akuyar?” Kafin in amsa, ya rage murya ya tambaye ni ko malamin ƙarfe mai gemu zai mutu. Mushe Darakta, na fito ina dariya har sai da na zauna ƙasa.

Na uku, kuma nan ne kukana. Kayen bai dawo ba. Mushe ya ce yana hannun Madam ta Faransanci, Madam ta ce an are shi a ofis. Jiya ɗiyarka ta rantse mani ta gan shi a gidanka, ƙarƙashin rediyo, an sa tsinke a tsakiya.

Ni ko ban rubuta babin ƙarshe ba, kuma ba na iya yi sai na duba inda na tsaya. Jarrabawa ta matso. Bayanta ni zan koma gida noma, Marta wajen iyayenta a asibitin mishan, wasu garin Karofane, Allah kaɗai ya san ranar haɗuwa. Kullum 'yan ajinmu tare ni suke suna tambaya ko za su sauko daga wata.

Don haka ina roƙo a maido mani da kayena, kuma malaman da suka karanta su daina gardama a kansa gaban 'yan ƙananan aji. In ba ka gama ba, na ba ka zuwa Alhamis. Daraktan da ya suma a babi na biyar ba kai ba ne, hular ce kawai ta yi kama.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya raya zuri'a, ya ba mu sa'ar jarrabawa.

Wassalam,
ɗalibarka Zali.