Na Sakar wa Modu Ruwa, Mama

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, cikin sunan Yesu Almasihu wanda kika riƙe har numfashinki na ƙarshe. Ina fatan kina hutawa a wurinsa. Mu nan Diffa muna nan da rai, damina ta wuce, kogin Komadugu ya cika, an dasa tattasai. Bayan gaisuwa, Mama, ina cikin wani hali, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa gaskiya sai ke.

Modu ya dawo. Modun Ya Kaka, maƙwabciyarmu ta can gida kafin mu ƙetaro kogi. Yana cikin tubabbun da suka fito daga daji, hukuma ta tsare su wani lokaci, ta sallame su. Ya rame, gemunsa ya fara furfura, har da mata da jariri.

Kin san ba sai na tuna miki ba, amma ni kullum sai na tuna. Shi da Iliya, autanki, kwano ɗaya suke ci a tsakar gidanmu. Da Kirsimeti ke kike ɗinka masa riga, da Sallah uwarsa ke aiko mana da nama. Rumbun bayan gida nan ne maɓoyarsu in sun yi ɓarna kina nemansu da bulala. Ranar da mutanen daji suka shigo garin, Iliya ya faɗa rumbun nan. Ba wanda ya san wurin sai mutum ɗaya, kuma kai tsaye suka nufe shi, Modu na gaba. A nan suka kashe shi.

A sansanin ’yan gudun hijira na Sayam Forage, kina kwance a tanti, jikinki ya ƙare, kika riƙe hannuna kika ce, “Rifkatu, in yaron nan ya dawo, kada ki bar shi a hannun Shaiɗan sau biyu.” Na ce to. Me zan ce wa mai barin duniya? A raina na ɗauka ba zai taɓa fitowa da rai ba.

To ga abin da ya faru. Fastonmu da limamin unguwa suka samo mana fili a bakin kogi, wajen Gagamari, aka raba wa ’yan gudun hijira, Kirista da Musulmi, har da tubabbu. Injin ban ruwa ɗaya ne. Fasto kuwa, kin san irinsu da dabara, ya ƙi a ware mu. Ya cakuɗa gonakin yadda ruwa ba zai kai wa kowa ba sai ya bi ta gonar wani. Idan fangalinka ya cika, ka toshe naka, ka sa fartanya ka fasa ƙasar da ta tare hanya, ka ɗaga murya ka kira sunan na ƙasa da kai ya zo ya tarbi ruwansa. Da aka yi ƙuri’a, na ƙasa da ni Modu ne.

Na samu Fasto har gida na ce a canza ni. Ya saurare ni, har ya yi hawaye, amma ya ce in ya canza ni sai ya canza kowa, domin babu gonar da ba ta maƙwabtaka da ciwon wani.

Mama, na hana shi ruwa. Ranar ruwa ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ina cika nawa in karkatar da sauran ya koma kogi. Ina kallon dashensa yana langaɓewa, wallahi daɗi nake ji. Bai kai ƙarata ba. Tsugunawa kawai yake a bakin gonarsa, kansa a ƙasa. Da ya zage ni ma da na fi samun sauƙi.

Sai Ya Falmata ta tare ni a hanya. Musulma ce, ’ya’yanta maza duka mutanen daji suka yanka, ita ma wani tubabbe ne a ƙasa da ita. Ta ce, “Ku ne kullum ake jiyo ku kuna waƙar gafara a coci. Ni ke nake kallo, in kin toshe na toshe.” Ashe rabin fadamar ni suke kallo.

Shekaranjiya na fasa. Matarsa tana tsaye da jaririn a baya, rana na dukansu. Na ɗaga fartanya na sari ƙasar nan kamar shi nake sara, ruwa ya ɓalle. Na buɗe baki na kira sunan da Iliya yake kira ta kan katanga kowace safiya. Modu ya taso da gudu, ya durƙusa cikin taɓo yana kuka, yana cewa in yafe masa don Allah. Na saɓa fartanyata na tafi.

Yanzu gari ya ɗauka. Ya Falmata ta saki nata ruwan. Liman ya aiko a gaishe ni. Matan zumunta suna ta guɗa, wai Rifkatu ta gaji uwarta. Fasto yana so ranar Lahadi in tsaya gaban jama’a in ba da shaida cewa na yafe, har ya gayyato dattawan unguwa su zo su ji.

Mama, ban yafe ba. Ruwa kawai na ba shi. Ƙirjina yana nan yadda yake. Ko a addu’ar Ubangiji, in an zo wurin maganar gafara, leɓe kawai nake motsawa. In na tsaya na ce na yafe, na yi ƙarya a ɗakin Allah. In na faɗi gaskiya, ina tsoron Ya Falmata ta toshe nata, na bayanta ma ya toshe, fadamar ta koma kamar inda muka fito.

Ke yaya kika yi? Ke kika haife shi, ke kika ɗauko gawarsa, amma kika mutu kina tausayin wanda ya nuna shi. Me ya sa ba ki koya mini wannan ba kamar yadda kika koya mini tuƙin tuwo? Mamana, na gaji, ina kewarki, ina so in sa kaina a cinyarki ki yi mini faɗa ko sau ɗaya.

Ya Yesu, kai da ka roƙa wa masu kashe ka gafara tun ƙusoshi na jikinka, ka dube ni, ɗiyar baiwarka Saratu. Ba ni da zuciyar, hannun kawai nake da shi. Ka karɓi hannun tukuna, ka ba ni abin da zan faɗa ranar Lahadi wanda ba ƙarya ba ne. Ka riƙe mini Mama da Iliya. Amin.

Gobe ma ranar ruwa ce, Mama, kuma zan sake kiran sunansa.

’Yarki mai neman addu’arki,
Rifkatu