Wutar da Ta Kama a Sansanin Ɗalibai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Nan gida kowa lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda, tana yi wa kowa faɗa kamar da. Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana, ni kuma kwana uku ke nan na kasa zaune na kasa tsaye. Jiya a shago sai da na ɗinka hannun riga a baibai har sau biyu. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka kira.

Maganar 'yarka ce, Takwarar Inna, da sansanin hutun nan da ake koya wa ɗalibai ilimin lantarki. Ka ce in je in ɗauko ta, na ɗauko ta, tana gida tun ranar Litinin. Amma labarin da ya iso maka ba haka yake ba. Ita da abokan aikinta biyu sun haɗa wata na'ura da tsohuwar ƙafar keke da ɗan injin da suka ciro daga matacciyar fanka, wai idan an juya ƙafar sai ƙwan fitila ya kawo haske. Kwana tara suna fama, ƙwan ya ƙi. Rana ta goma Takwara ta gano waya ɗaya ce aka haɗa a juye, ta gyara, ƙwan ya haska. Murna ta sa ta ari wayar malamarsu ta kira Inna, tana haki tana cewa wuta ta kama, wuta ta kama. A bayanta kuma yara na ta ihu da tsalle. Kafin ta yi bayani malama ta karɓi wayarta. To ka san Inna. Wuta ɗaya ta sani da take kamawa har a yi ihu. Ko mayafi ba ta nema ba ta kira ka tana kuka, kai kuma ka kira ni kana faɗa, ni ma ban tsaya tambaya ba na rufe shago na tari mota.

Da na isa, babu hayaƙi babu ƙauri. Wani dogon aji na tarar, tebura cike da batura da guntayen wayoyi ja da baƙi, yara sanye da safar hannu. Gobarar da ta tayar mana da hankali ƙwai ne da bai kai babban yatsana ba. Malamar, wata 'yar siririya mai tabarau, ta yi dariya har da hawaye, sannan da ta ji na zo tafiya da yarinya sai dariyar ta tsaya. Ta nuna mini cewa ko soket ba a barin yaran su taɓa, da batir kawai suke aiki. Ta kama yatsana ta ɗora a kan wayar na'urar, ban ji komai ba sai kunya. Ta ce aikin su Takwara yana cikin biyar da aka zaɓa don gasar ƙarshe ranar Asabar, kuma doka ce sai su ukun sun tsaya gaban alƙalai, in ɗaya ba ta nan an cire su duka. Za ta riƙe musu gurbin zuwa azahar ɗin Juma'a, daga nan ba ta da iko. Duk da haka na taho da yarinyar, tunda umarninka ne.

Yaya, na san abin da ke ranka, ba sai ka faɗa ba. Ina ƙarama lokacin da wutar lantarki ta cinye shagon Baba, amma ina tuna yadda ka tsaya kana kallon toka, ka kwana biyu ba ka ci abinci ba. Har yau kai ne ke bi kana zare caja daga bango a gidan mutane. Ban ga laifinka ba. Sai dai ita wannan yarinyar, abin da ya tsorata mu shi take son ta gane. Ita ce fa ta hana ni jona dutsen guga da tukunyar ruwan zafi a wuri ɗaya, ta yi mini bayanin da har yanzu ban gama fahimta ba.

Tunda muka dawo ba ta yi kuka ba, kuma shi ya fi damuna. Tana wanke-wanke, tana gaida kowa, sai ta koma ɗaki ta zauna tana naɗe wata 'yar waya a yatsa tana warwarewa. Abokan aikinta sun kira ta a wayata sau huɗu, ta kasa ɗauka. Inna kuwa kunya ta ishe ta, tana ta cewa su ma masu boko da suka rasa sunan da za su ba abin sai wuta, su ne da laifi. Amma da hannunta ta wanke kayan yarinyar ta goge.

Ba zan ɓoye maka ba, shekaranjiya na ce mata ta shirya in mayar da ita, in ka yi fushi ni zan ɗauka. Ta girgiza kai. Ta ce Babanta ne ya ce ta dawo, ba za ta koma ba sai da yawunsa, ko da za a cire su. Nan na ga ta fi ni hankali.

Ka gaida Anti, ka shafa mini kan 'yan biyu. Inna na gaishe ka, Kawu da Gwaggo ma sun ce a miƙa gaisuwa. Ban gaya wa Takwara na rubuto ba, don kada ta sa rai. Amma duk sanda wayata ta yi ƙara, daga ɗaki nake jin yarinyar ta daina motsi. Yau Laraba, Yaya.

Wassalam,
Ƙanwarka.