Ba Bokitinki Ne Ya Ɓata Ramin Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, uwar ɗakin girkin makarantarmu, wadda ƙamshin girkinta ke ƙwace min hankalin 'yan aji shida da zarar sha biyu ta yi.

Ni ne dai, malamin aikin gona, wanda yara suka laƙaba wa Malam Taki. Yau kwana tara ba ki miƙo min bokitin ɓawo da hannunki ba. A bakin ƙofa nake tarar da shi a rufe. Jiya kuma shugabar makaranta ta ce kin nemi a mayar da ke wata makarantar, ranar Litinin za ta sa hannu. Tun da na ji, tumatir ɗaya na yi wa ban ruwa sau uku ban sani ba.

Kin tuna ranar da muka haƙa ramin taki a bayan kicin? Kika ce, "Malam, wato shara za ka tara ka kira ta ilimi?" Bayan wata uku kika ɗebi baƙar ƙasar a tafinki, kika shinshina, kika ce ƙamshin ruwan farko take. Ni ba ƙasar nake kallo ba. Tun ranar kullum kike ware min ɓawon albasa da na ƙwai da ragowar shinkafa, ki tsince ƙashi da maiƙo, ba wanda ya sa ki.

Sai ramin ya yi wari, ni kuma na buɗe baki a gaban yara talatin na ce ke kika zuba miya a ciki. "To, Malam," kawai kika ce, kika juya. Shekaranjiya na tone shi har ƙasa, babu ɗigon mai. Ashe ni ne na yi sati uku ban zuba busassun ganye ba, ruwa ya kwanta. Wane irin malami ne ke koyar da haƙurin wata uku, ya kasa na minti ɗaya?

Kunya ta ishe ni, kewarki ta fi ta. Ina sonki, ƙawar raina, kuma ba zan ba ki haƙuri a ɓoye ba. Gobe a taron safe, a gaban yaran da suka ji, zan faɗi wanda ya ɓata ramin. In bayan haka kin ce tafiya za ki yi, ni zan riƙe miki jaka har bakin titi. Amma ki fito ki ji tukuna.

Naki ke kaɗai, ko kin zauna ko kin tafi,
Malam Taki