Shinkafa da Baƙin Riɗi

Uttarkashi, Litinin

Yaya Shubhada,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, kuma tarin Omkar ya yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, in aka cire gwiwoyi.

Na iso gidan ibadar, na shiga ajin sababbin ɗaliban yoga kamar yadda muka shirya. Ban gaya wa kowa ni 'yar Baba ce ba. Malamar, Revati, ba ta kai ɗalibaina na jami'a shekaru ba, murmushi kuwa ba ya barin fuskarta, abin da ya sa ban yarda da ita ba. Yau ta tsaya a kaina ta ce, "Anti Ketaki, saki kafaɗun nan mana, ba mai sace su." Na ce mata a gidan nan ban tabbata ba.

Na ga Baba. Ina duƙe a kan tabarma, kaina tsakanin ƙafafuna, sai na hango shi kai a ƙasa, yana sharar tsakar gida. Mutumin da bai taɓa ɗauke kofin shayinsa daga tebur ba har Mama ta rasu! Ya rame. Da muka haɗa ido sai ya haɗa tafin hannu ya gaishe ni kamar baƙuwa, ya ci gaba da shara. Wai yana cikin alwashin shiru, shi ya sa ya daina ɗaukar wayarmu.

Ke kin ce baƙin ciki ne ya zaunar da shi a nan. Ni na ce tatsarsa ake yi. To, agogonsa yana hannun mai dafa abinci, takalminsa yana ƙafar mai gadi. Ki bar ni in ga sauran.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Ketaki

Uttarkashi, Alhamis

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya gida, ya yara? Ki zauna kafin ki karanta.

A nan kowane ɗalibi yana da aikin da yake taya gida, ni aka tura ni kicin. Na yi murna, don a kicin ake jin gaskiyar kowane gida. Tun jiya nake lura da abubuwa. An rina sabon yadi ruwan goro, irin na masu gudun duniya, an shanya shi bayan ɗakin Swami, tsohon da ke shugabantar wurin. An kuma aika a kira wanzami.

Yau da hantsi, bayan Revati ta gama ƙoƙarin naɗe ni kamar tsumma, na tarar Bhola mai dafa abinci yana ware shinkafa da baƙin riɗi a faranti daban. Kin san wa ake dunƙula wa wannan. Da idonmu muka ga an yi wa Mama a bakin kogi.

Na ce, "Bhola, wa ya rasu?"

Ya dubi agogon Baba ya ce, "Ba kowa tukuna, Uwargida ta birni. Sai jibi."

Na ce ya maimaita. Ya yi dariya ya ce, "Tsohon nan mai shara ne zai karɓi yadi. Kin ga kuwa dole ya yi makokin kansa da hannunsa tukuna."

Kin gane ke nan. Jibi za a aske shi, ya dunƙula wa kansa shinkafar mamaci, ya shiga kogi ya bar sunansa a can. Wanda zai fito ba shi da gida, ba shi da 'ya'ya. In ya gamu da jikansa Omkar a hanya, yaron wasu ne. Ba ƙwace masa agogo aka yi ba, rabon gado yake yi da ransa.

Amma wa ya sa masa wannan a kai? Gobe zan shiga wajen Swami. Na riga na tsara tambayoyina.

Taki,
Ketaki

Haridwar, Lahadi

Yaya Shubhada,

Gaisuwa daga tashar jirgin ƙasa. Ina fatan kin samu barci, don na san wasiƙata ta baya ba ta bar ki ba.

Na shiga wajen Swami a shirye da faɗa, na tarar da shi yana cin gwaiba. Kafin in buɗe baki ya ce, "Zauna, 'yar Vinayak. Tun ranar farko na gane ki, haɗe girar nan iri ɗaya ce. Kin zo yi masa rakiya?" Na ce na zo in ji wanda ya ba shi izinin binne mana uba. Sai ya ajiye gwaibar. Ya ce shi ba ya ba mutum yadi sai iyalinsa sun sake shi, kuma Baba ya tabbatar masa ni da ke mun yarda, har mun sa albarka.

Kin ji. Na kwana ina zargin gida guda, ashe maƙaryacin namu ne.

Aka kira Baba. Alwashin shiru ya karye nan take. Ya ce, "Ketu, ke ko a gaban kogi mai tsarki sai kin yi bincike?" Na ce a gidansa na koya. Ya ce ya ji mu ranar makoki muna raba shi, rabin shekara a wajenki, rabi a wajena, kamar tukunyar biki. Ya ce gara ya zama ba na kowa ba. Ni kuwa na dubi gwaibar.

Swami ya tambaye ni a fili ko na sake shi. Na ce a'a. Wataƙila zalunci ne, na sani. Amma a bana muka ƙona gawar uwa, ba zan tsaya in ga uba yana dunƙula tasa shinkafar ba. Swami ya ce to, a bari shekarar Mama ta cika, sannan a sake tambaya. Bhola ya dafa shinkafar da rana, kowa ya ci. Riɗin ya mayar gwangwani.

Baba yana gefena yanzu. Ba ya yi mini magana, amma wannan shirun na san irinsa. Ya ce a gidansa zai sauka, don haka na nemi hutu, zan zauna can da shi. Ki daina maganar rabin shekara.

Abu ɗaya. Da ya tafi neman shayi na buɗe akwatinsa. Yadin yana ƙasa, a ninke, ƙarƙashin hoton Mama. Na mayar yadda na same shi. Ki kawo yaran gidan Baba ranar Asabar, kuma ki ce su yi surutu sosai.

Ƙanwarki,
Ketaki