Kujerar Bayan Kabad

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikata da har yau ban gani ba sai a hoto. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ƙafar tata da sauƙi, bakin ne dai ba ya hutawa.

Gyara ake yi a makarantarmu. Wai fitilu da fankoki suna shan wuta, ga shi zafi bai ragu ba. Sun shafa wa kwanon rufi farin fenti, sun sa silin, sun fasa tagogin sama da muka toshe da bulo tun lokacin da ɓarayi suka dame mu. Yanzu da rana ko fitila ba ma kunnawa.

Kafin su fara, wata injiniya, ba za ta wuce sa'arka ba, ta zagaya ajin da nake koyarwa, aji biyar, da 'yar na'urar auna iska. Da ta kai kusurwar baya, wajen kabad, sai ta tsaya. Ta ce iskar wurin ba ta da hanyar fita, numfashin yara sittin ne ke taruwa a can, duk wanda ya zauna sai kansa ya yi nauyi. Na yi mata gardama, ka san halina. Washegari da tsakar rana, da malamin lissafi ya shigo, na je na zauna a wurin don in ƙaryata ta. Ban san lokacin da barci ya sace ni ba. Dariyar yara ce ta tashe ni.

A nan na zaunar da kai shekara guda cur, don kada a ce ina fifita ɗana. Kullum gyangyaɗi, kullum bulala. Ka ce mini kanka ke ciwo, na kira ka malalaci a gaban aji. Sunan ya bi ka har ka bar karatu, ka bar gida.

Ni da na yi barci a kujerar nan, babu wanda ya taɓa ni. Tun ranar abin yake cin raina. Ba lalaci ba ne, ɗana, ni ne ban saurare ka ba, kuma ina jin kunyarka. Ka yafe mini. Ko ba za ka zo ba, ka rubuto layi ɗaya in san ka karanta.

Ka gaida mutanen gidanka. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne,
Babanka