Amsar Gwaggo

Lahadi, 10 ga Nuwamba

"Ai ga Gwaggonki, digiri biyu, ba sai mun nemo wani ba." Yaya Saminu ke nan, ko takalmi ban cire ba. Digirin na shari'a ne, amma a unguwarmu New Bell digiri digiri ne, har maganin ciwon ciki ake tambayata.

'Yarsa Mardiya ta miƙo littafi da hannu biyu. 0,4(x + 2,5) = 3 (a nan da waƙafi muke rubuta ɗigon lissafi). Ta riga ta rubuta 0,4x + 1. Na ce ina 2,5 ɗin ta tafi, cinye ta kika yi? Yaya ya yi dariya. Na soke, na rubuta 0,4x + 2,5 = 3, na fito da 1,25, na ja layi biyu a ƙasa. Ta kalli takardar, ta kalli babanta, ta ce, "To, Gwaggo."

Na dawo gida Bépanda a bayan bensikin, babur ɗin haya, ina jin daɗin kaina.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Yaya ya kira. An yi wa su Mardiya gwaji jiya, irin lissafin nan ne duk. Ta samu uku bisa ashirin. Ya ce malamin ba ya son 'ya'yan Hausawa, ranar Litinin zai je makaranta da littafin da na yi gyara a ciki. Na ce bari mu gani.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

A ofis, a Akwa, lokacin cin abinci. Na mayar da 1,25 cikin lissafin, don nishaɗi kawai. 1,25 da 2,5, 3,75. Sau 0,4, 1,5.

Ba uku ba.

0,4 ɗin da ke waje tana ninka duk abin da ke cikin baka, x da 2,5 gaba ɗaya. 0,4 sau 2,5 ɗaya ne. Ɗayan nan na Mardiya da na soke. Amsar biyar ce. Ban ci kifin da na saya ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Wayar Yaya sau biyu. Ban ɗauka ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na sami Mardiya tana wanke-wanke, Yaya yana kasuwa. Na ce, kin san amsata ba daidai ba ce? Ta yi ta murza tukunya ɗaya.

"Malam ya ce lambar waje kamar baƙuwa ce, sai ta gaida kowa a ɗaki, ba na bakin ƙofa kaɗai ba."

Na ce to me ya sa kika bi tawa a gwaji?

"Baba zai duba takardar. Idan ya ga ban yi yadda kika ce ba..." Ta ɗauraye tukunyar. "Kuma ke Gwaggo ce."

Ni da nake yi wa 'yan ofis lacca cewa tarbiyyar unguwarmu tana kashe wa yara baki. Ashe tana da daɗi idan kai ake yi wa shirun.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Yaya ya goge babbar rigar da zai sa gobe zuwa makaranta, tana rataye a ƙusa. Na ce Mardiya ta kawo allo da alli. Na rubuta 0,5(x − 1,2) = 2, na ce ta yi mana da ƙarfi. Muryarta kamar ta sauro. 0,5x − 0,6. Ta tsaya, ta dube ni. Na ce ci gaba. 5,2.

Na ce, Yaya, yadda ta yi ɗin nan shi ne daidai. Na ranar Lahadi nawa ne, ba daidai ba ne. Malamin bai cuce ta ba.

"Ke Fauziya? Da digiri biyu?"

Na ce na shari'a ne.

Ya daɗe yana kallon rigar, sannan ya ce Mardiya ta mayar da ita akwati.

Ta rako ni zaure. "Gwaggo, za ki zo Lahadi? Akwai lissafi masu baka biyu." Na ce zan zo in gani ko tana yi daidai, wai. Ta danne dariya, ta tura ƙofa ta rufe. Na tsaya a titi ina ɗaga wa bensikin hannu, alli duk a mayafina.