Dogon Hannu Ya Ɗauke Nassirou

Tsibiri, kusa da Bubon, ran Litinin

Ƙanwata Hafsa,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina lafiya ƙalau, kifi nake ci har ya fara gundurata. Yakuba direba, mai kawo itace kasuwar Katako, shi zai riƙa kai miki takarda, don na kashe fortabul ɗina, ba mai samuna a waya sai aiki ya ƙare.

Ki natsu ki ji. Fim ɗin Dogon Hannu ya kammala, dodon nan da masunta ke cewa yana fizge mutum daga cikin jirgi. Irin wannan fim ba a cewa fim ne. Ana nuna shi kamar kyamara aka tsinta bayan mai ita ya ɓata. Gobe abokina Salim zai saki bidiyon a WhatsApp, ya ce a bakin kogi ya tsinci kyamarar. Za ki gan ni cikin jirgi da magariba, ruwa ya motsa, in yi ihu, hoto ya ɗauke. Ni kuma in lafe a nan har Yamai ta ɗauka, sannan in bayyana ranar nuna fim.

Ke kaɗai kika sani a gida. Kada ki damu da Inna. Matar da tunda ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba, sai “wancan” ko “yayanku”, in na shigo ɗaki ta kau da kai? Za ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Yayanki,
Nassirou

Unguwar Lazaret, Yamai, ran Laraba

Yaya Nassirou,

Amin wa alaikumus salam. Ina fatan kifin bai shaƙe ka ba, don ni nan ko ruwa ba ya wuce mini.

Bidiyonka ya zaga Yamai. Ina kan keken ɗinki Ramatou maƙwabciyarmu ta shigo da gudu ba ko ɗankwali, ta miƙa wa Inna waya kafin in tashi. Yaya, me ya kai ka kiran “Inna!” a ƙarshen ihun nan? Ba ka gaya mini da wannan a ciki ba. Ta kalla, ta ce a mayar, ta sake cewa a mayar. Ba ta yi kuka ba. Ta aje rariya ta shiga ɗaki, kuma tun lokacin ko loma ba ta kai bakinta ba. Ka san tana da tansiyo, hawan jinin nan nata.

Gida ya cika. Zabarmawan layinmu suna ta shigowa da “fonda tilas”, ni ina amsa gaisuwar mutuwar wanda na san yana can yana gasa kifi. Kawu Bello ya ɗauki masunta suna neman gawarka. Wallahi tsoro nake ji. Ka dawo, ko ka bar ni in faɗa.

Ƙanwarka,
Hafsa

Tsibiri, ran Alhamis

Hafsa,

Gaisuwa. “Inna” ɗin nan ba a shirya ta ba, jirgin ne ya karkata da gaske, bakina ya suɓuce. Salim ya ce nan ne fim ɗin ya fi daɗi, shi ya sa muka bar ta.

Kin ce ba ta yi kuka ba. To, ba na gaya miki ba? Ki daure zuwa sati mai zuwa, an riga an kama zauren da za a nuna fim. In kika fasa yanzu, wahalar da na sha duk ta tafi a banza, in koma ɗaukar bidiyon biki har tsufana. Ki dama mata kunu, ki tabbata tana shan maganinta.

Nassirou

Lazaret, ran Asabar

Yaya,

Sallama. Gaisuwar ke nan, ba ni da ƙarfin wata.

Na faɗa. Jiya bayan sallar Juma'a Kawu ya ce za a yi maka sallar gawa ko ba a samu jiki ba, sai na miƙe a tsakar gida na ce kana da rai, fim ne. Ka san abin da ya faru? Ba wanda ya yarda. Ramatou ta rungume ni tana “kala suru, Hafsa, yi haƙuri.” Kawu ya ce baƙin ciki ya taɓa mini kai, aka kawo rubutu aka ɗura mini. Na kira Salim, wayarsa a kashe. Na ɗauko takardarka, Kawu ya ƙi ko kallonta, wai kowa ya ga mutuwarka da idonsa. Ka iya aikinka, Yaya, sai dai a yi maka barka.

Yau da safe na duba ɗakin Inna ba ta ciki. Aka ce an ga ta nufi ruwa, na bi ta a taksi har gangaren kogi, ƙasan gada, inda masu wanki ke shanya. Na same ta ruwa ya kai mata gwiwa, zaninta ya jiƙe. Ta sa hannu biyu a baki tana kira.

Sunanka take kira. Nassirou, ɓaro-ɓaro, da ƙarfi, a gaban maza masu wanki. Ni da na tashi a ɗakinta ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Da na kamo ta sai ta ce, “Ya kira ni ban amsa ba. Tun yana goye nake jin kunyar amsa masa a gaban mutane. Bari in amsa yanzu.”

Kai da ka yi lakkol, ka sha boko, a ce ba ka san kunyar ɗan fari ba? Ka ɗauka ƙi ne? In kana makarar dawowa, wa kake tsammani ke aiko ni bakin titi in duba? Da ƙyar muka kai ta likita, tansiyonta ya hau sosai, sun ce a kiyaye kada ta sake jin wani tashin hankali. Yanzu ban ma san yadda za ka dawo ba tare da ganinka ya kashe ta ba. Ka kunna waya ka kira ni, in fara kai mata muryarka a hankali.

Hafsa

Tsibiri, ran Lahadi da safe

Hafsa,

Na karanta. Zan kira da la'asar. Ki zauna kusa da ita, ki riƙe mata hannu. Na ce wa Salim ya gaya wa duniya gaskiya, fim ɗin ya tafi duk inda zai tafi. In Allah ya yarda gobe zan biyo motar Yakuba.

Da gaske sunana ta faɗa?

Nassirou

Lazaret, ran Lahadi da yamma

Yaya,

Gaisuwa. Yakuba zai ba ka wannan a hanya, don ban iya faɗa a waya ba tana kusa.

Ka yi ta “Inna, Inna” ka ji shiru, na san ka ɗauka fushi ne. Tana jin ka. Ta manna wayar a kunne da hannu biyu, hawaye na zuba har wuyan rigarta. Da ka gama ta miƙo mini, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta nemi kunu ta shanye.

Eh, da gaske ta faɗa. Masu wanki sun ji, ni ma na ji. Kai ne ba ka nan.

Na tambaye ta ko da saƙo. Ta juya fuska bango, ta ce, “Ki ce wa wancan ya taho da rigar sanyi, bakin ruwa akwai iska.”

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Hafsa